Barbushe, matsafin Dutsen Dala

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san sunan Barbushe, ko dai daga bakin kakanni ko kuma a darasin tarihi na makarantar firamare. Da sunansa littafin tarihin Kano ya buɗe, kuma shi ne jagoran masu bautar Tsumburbura a gindin Dutsen Dala tun kafin a gina ganuwa, kafin a naɗa sarki na farko, kafin kuma a ji kiran salla a wannan ƙasa.

Labarin rayuwarsa gajere ne. To sai dai yana tattare da wata tambaya da masana tarihin addinai suka daɗe suna muhawara a kanta, wato dalilin da ya sa abubuwan bautar al'ummomin da ke nesa da juna kan yi kama, kamar yadda ake gani tsakanin allolin Hindu na Indiya da na ƙasar Japan, ko tsakanin Tsumburbura da gumakan Larabawan jahiliyya.

Asalinsa da zamaninsa

Kusan dukkan abin da ake faɗa game da Barbushe ya samo asali ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Masana da dama na ganin an kammala haɗa shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello, ta hanyar tattara labaran baka na fada da waƙoƙi da tsofaffin rubuce-rubuce. Wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya buga fassararsa ta Ingilishi a shekara ta 1908, sa'an nan aka fitar da ta Hausa a Zariya a 1933 cikin littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Bisa ga wannan littafi, Barbushe daga zuriyar Dala ya fito, wani baƙo da ya zo ya gina gidansa a kan dutsen da har yau ake kira da sunansa. Dala ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu da mata uku, kuma babbansu shi ne Garageje. Daga tsatson Garageje aka sami Buzame, wanda ya haifi Barbushe.

Littafin ya sanya hawan Bagauda, sarkin Kano na farko, a lokacin da ya yi daidai da shekara ta 999 Miladiyya, idan aka lissafa shekarun mulkin sarakuna daga ƙarshe zuwa farko. Tun da an ce Bagauda ya iso ne a zamanin 'ya'yan Barbushe, ke nan ana iya sanya rayuwarsa a cikin ƙarni na 10.

Zaman mutane a wurin kuwa ya riga wannan lokaci da nisa. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna cewa tun a ƙarni na 7 ake narka tama a gindin Dala. Wannan ya zo daidai da labarin da maƙeran Kano, Abagayawa, ke bayarwa cewa kakanninsu sun taso ne daga Gaya domin neman tama. Dutse mai ƙarfe, da ruwan Jakara, da ƙasar noma mai albarka, su ne suka tara jama'ar da Barbushe ya shugabanta.

Yadda ya zama shugaba

An siffanta shi da cewa baƙin mutum ne, dogo, ƙaƙƙarfa, maharbi, wanda labari ya ce yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ya yi tafiya mai nisa da ita. Irin wannan zuzutawa sananniya ce a labaran mazan jiya na ƙasar Hausa.

Amma abin da ya ɗaukaka shi a kan 'yan'uwansa shi ne sanin asirin tsafin da ya gada daga kakanninsa. Ba shi da fada ko dogarai ko rundunar mayaƙa irin ta sarakunan da suka biyo baya. Ikonsa ya dogara ne a kan imanin da jama'a suka yi cewa shi kaɗai ke iya ganawa da abin bautarsu ya dawo da rai.

A ƙarƙashinsa akwai wasu shugabanni, kamar Gunzago, mai gida a gindin Goron Dutse, da Gagiwa, wanda aka ce da igiya yake kama giwa. Kazalika littafin ya lissafa manya goma sha ɗaya, kowannensu uban dangi ne kuma da sana'arsa. Gijigiji shi ne maƙeri, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai magani, Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, Maguji kuma mai haƙar tama da narka ta. Wannan jeri na nuna al'umma ce mai tsari, wadda ta raba aiki a tsakaninta, ta kuma haɗu a kan wurin bauta guda.

Daren jajibere

Tsumburbura, a yadda littafin ya bayyana, tana tattare ne da wata itaciya da ake kira Shamus, a wani wuri mai suna Kakuwa. An kewaye itaciyar da katanga, akwai kuma mai tsaronta dare da rana. Babu mai shiga cikin katangar sai Barbushe, kuma jama'a sun yi imani duk wanda ya kuskura ya shiga to ajalinsa ne ya kira shi. Daga baya an kuma ambaci kurmin Jakara mai baƙin ruwa, wanda mutane ke tsoro, suke yi masa yanka idan sun ga alamar wata masifa na tafe.

Barbushe ba ya saukowa daga kan Dala sai sau biyu a shekara. Idan lokacin ya gabato, sai maza da mata su yi ta kwararowa daga gabas da yamma, kudu da arewa. Wani ya zo da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, a taru a gindin dutse da maraice.

Idan duhu ya yi, sai ya fito daga gidansa tare da makaɗansa, ya yi kirari, a yanka abin da aka kawo. Daga nan sai ya shiga cikin katangar shi kaɗai, jama'a kuma su yi ta kewaya wurin tsirara har gari ya waye, sa'an nan a ci abinci. A lokacin ne yake fitowa ya shaida musu abin da zai auku a shekara mai zuwa, na alheri ko na sharri.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan taruka ne ya faɗi maganar da ta sa ba a manta da shi ba. Ya shaida wa jama'arsa cewa wani mutum zai zo da runduna ya ƙwace mulkin ƙasar daga hannunsu, za a sare itaciyarsu a ƙone ta, a kuma gina masallaci. Mutane suka yi masa ƙorafi cewa wannan mummunar magana ce. Ya tabbatar musu idan abin bai faru a zamaninsu ba, to zai faru a zamanin 'ya'yansu. Da suka nemi ya gaya musu maganin abin, sai ya ce babu wani magani illa haƙuri. Littafin ya ce ba a daɗe ba bayan shuɗewar wannan zamani sai ga Bagauda da jama'arsa, ko da yake wasu na cewa jikan Bagauda ne ya fara isa Kano.

Kama da gumakan Larabawa

Mai karatun da ya san littattafan Sira zai lura cewa wannan labari ba baƙo ba ne a kunnensa. Al-Uzza, ɗaya daga cikin manyan gumakan Ƙuraishawa, tana a kwarin Nakhla ne tsakanin Makka da Ɗa'ifa, kuma ita ma tana tattare da itatuwa uku da wani ɗaki da mai tsaronsa. Khalid bin Walid ne ya sare itatuwan ya rushe ɗakin a shekara ta 8 bayan Hijira, bisa umarnin Annabi Muhammadu (SAW). Ɗawafi tsirara ma al'ada ce ta wasu Larabawan jahiliyya, wadda aka yi shelar hana ta a aikin hajjin shekara ta 9.

Daɗin daɗawa, marubucin tarihin Kano ya kira ranaku biyu na saukowar Barbushe da sunan Idi, ya kira daren taron da jajibere, ya kuma sanya wani mai suna Ibrahim a cikin muƙarrabansa, alhali kuwa ana maganar zamanin da Musulunci bai kafu a Kano ba. Wannan ne ya sa masana irin su Murray Last, wanda ya yi nazari a kan littafin a 1980, suke jan hankali cewa a riƙa karanta sassansa na farko da lura, domin akwai misalai da ishara a cikinsu.

Abin da ake iya fahimta shi ne, malamin da ya rubuta labarin Musulmi ne, ya rayu kusan shekaru 900 bayan Barbushe, kuma ya bayyana tsohon addinin garinsa ne da kalmomi da siffofin da ya saba karantawa game da jahiliyyar Larabawa. Saboda haka wani ɓangare na kamannin daga alƙalamin marubuci ya fito. Wani ɓangaren kuma daga ɗabi'ar ɗan'adam ne, domin girmama babbar itaciya ko dutse ko rafi abu ne da aka samu a tsakanin manoma da maharba a kusan ko'ina cikin duniya, ba tare da wani ya koya daga wani ba.

Misalin Indiya da Japan

Akwai kuma hanya ta uku da kamanni kan samu, wato abin bauta ya yi tafiya daga wata ƙasa zuwa wata. Malaman Sira sun ambaci haka game da Hubal, gunkin da aka ce Amru bin Luhayyi ne ya ɗauko daga Sham ya kai Makka. Amma misalin da ya fi samun shaidu a rubuce shi ne na Indiya da Japan.

Addinin Buddha ya taso ne a arewacin Indiya, kuma tun farko ya karɓi wasu daga cikin allolin Hindu ya mai da su masu gadin koyarwarsa. Ya bi hanyoyin fatauci zuwa ƙasar Sin, daga can ya shiga Koriya, ya isa Japan a tsakiyar ƙarni na 6. A shekara ta 752, wani malamin addinin ɗan Indiya mai suna Bodhisena ne ya jagoranci bikin buɗe babban mutum-mutumin Buddha a birnin Nara. A 806 kuma malamin nan na Japan, Kukai, ya komo daga Sin da littattafai da zane-zane masu ɗauke da siffofin allolin Indiya da dama.

Ta wannan hanya ce Saraswati, wadda Hindu ke dangantawa da kogi da ilmi da kiɗa, ta zama Benzaiten a Japan. Ta riƙe abin kiɗanta mai tsirkiya, kuma har yau akasarin wuraren bautarta a bakin ruwa ko a tsibiri suke. Indra ya zama Taishakuten, Yama mai hukunta matattu ya zama Enma, Ganesha mai kan giwa kuma ya zama Kangiten. Mahakala, wanda a Indiya siffa ce mai ban tsoro ta Shiva, da ya isa Japan sai ya koma Daikokuten, mai fara'a da ke tsaye a kan buhunan shinkafa, aka kuma haɗe shi da wani tsohon abin bautar ƙasar mai suna Okuninushi saboda ana iya karanta haruffan sunayensu da lafazi iri ɗaya. Daga cikin alloli bakwai na sa'a da Japanawa ke girmamawa, uku 'yan asalin Indiya ne.

Wannan cakuɗa tsakanin addinin Buddha da na gargajiya, wato Shinto, ta ɗauki fiye da shekaru 1,000, har zuwa 1868 lokacin da gwamnatin Sarki Meiji ta ba da umarnin raba su. A nan masana na iya bin sawun kowane suna daga harshen Sanskrit zuwa Sinanci zuwa Japananci, da sunayen waɗanda suka ɗauko littattafan da shekarun da suka yi tafiya. Irin wannan shaida ce ake buƙata kafin a ce wata al'umma ta aro abin bautarta daga wata. Kamannin suna ko na al'ada kaɗai ba su isa hujja ba, kuma wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora a kan duk wata magana da ke neman danganta Tsumburbura da Masar ko ƙasar Larabawa.

Makomar itaciyar

Abin da aka ce Barbushe ya hango bai cika a rana ɗaya ba, sai da ya ɗauki kimanin shekaru 500. Zuriyar Bagauda ta karɓi mulki, Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ya fara gina ganuwar da ta shigar da Dala cikin birni, amma asirin bautar ya ci gaba da zama a hannun magadan Barbushe. Sarakuna da dama sun nemi a buɗe musu wannan asiri aka hana su. Sarki Shekarau ya zaɓi sulhu, ya bar su da al'adunsu. Tsamiya, wanda ya gaje shi a 1307, shi ne ya auka wa wurin da yaƙi ya rushe katangar.

A zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, littafin ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar kanta, masu tsohon addini kuma suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Ɗansa Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, sai ya koma neman shawarar matsafa, ya farfaɗo da abin da aka yi watsi da shi. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, bayan zuwan Shehu Maghili, aka sare itaciyar aka gina hasumiya a gurbinta.

Duk da haka tsohuwar ɗabi'a ba ta gushe ba, ta sake riga ne kawai. A zamanin Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618, aka ƙirƙiro Dirki, wato Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu ana yi masa yankan shanu domin kare gari. Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, shi ne ya sa aka fasa shi da gatura aka ga abin da ke ciki. A 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka kawo ƙarshen mulkinsa, kuma haɗa Musulunci da al'adun tsafi na daga cikin manyan laifuffukan da malaman jihadi suka tuhumi sarakunan Hausa da su.

Iskoki da sababbin sunaye

A nan ne tarihin Kano ya fi kusantar na Japan. Kamar yadda Japanawa suka daidaita allolinsu na gida da baƙin da suka zo daga Indiya, haka masu bori suka daidaita iskokinsu da aljanun da aka sani a Musulunci. Masanin nan Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a 1938 zuwa 1939, ya nuna yadda aka raba iskoki gida biyu, farfaru da ake ɗauka Musulmi ne mazauna gari, da babbaƙu da ake ɗauka arna ne mazauna daji.

A cikinsu aka sami Malam Alhaji, mai carbi da siffar malami, da Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai almubazzaranci, da Sarkin Aljan Sulemanu na birnin Jangare, wanda sunansa ke nuni ga Annabi Sulaimanu da Allah ya hore wa aljanu. A wajejen 1925 kuma, a yankin Filinge na Nijar, aka ga ɓullar iskokin Babule masu kwaikwayon sojoji da jami'an Turawa. Iskokin sun kuma ƙetare Sahara tare da bayi da fatake, inda wani Bature mai suna Tremearne ya tarar da Hausawa na yin bori a Tunis da Tarabulus, ya wallafa littafi a kai a 1914.

Hatta sunan Maguzawa na da nasa labarin. Tarihin Kano ya danganta shi da Maguji, mai narka tama. A ɗaya hannun kuma, masana da yawa na ganin daga kalmar Majusu ta Larabci ya fito, wato masu bautar wuta na Farisa, waɗanda Halifa Umar ya yarda a karɓi jizya daga gare su. Idan haka ne, malaman Kano sun kamanta maƙwabtansu da wata al'umma ta nesa ne domin su sama musu matsayi a shari'a, wanda ya ba su damar zama lafiya a ƙarƙashin mulkin Musulmi.

Dala a yau

Dutsen Dala, mai tsayin mita 534 daga saman teku, na nan tsaye a tsakiyar tsofaffin unguwannin birni, gidaje sun kewaye shi ta kowace fuska. A shekara ta 2007 Najeriya ta sanya shi tare da ganuwa da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa a jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, ko da yake zaizayar ƙasa da gine-gine da zubar da shara sun yi wa dutsen da ganuwar illa.

Babu wanda ke bautar Tsumburbura a birnin Kano yanzu, kuma wanda ya hau Dala da magariba kiran salla zai ji daga ɗaruruwan masallatai. Sunan Barbushe da na kakanninsa da tsarin bikinsa sun tsira ne saboda wani malami Musulmi ya ga ya dace ya fara tarihin sarakunan Kano da su, maimakon ya share su daga takarda.